Buhu Ɗaya, Hatimi Ɗaya: Yadda Waya da Kwamfuta Ke Tantance Manhajar da Za Su Tashi da Ita

A kakar bara, ana tsakiyar hada-hadar masara, wani kawuna da ke sayen hatsi a kasuwar Dandume yana kaiwa Dawanau ya kira ni da daddare. Wayarsa ce ta daina tashi, ya kai wa wani mai gyara a Funtua, aka yi mata filashin, ta dawo tana aiki. Sai dai duk sanda ya kunna ta, wani ɗan rubutu kan fito wanda ya fara da Orange State, ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya ɓace. Kuma ɗaya daga cikin manhajojin bankinsa ta ƙi buɗewa sam.

Ya ce, "Ɗana, wannan rubutun wani abu ne, ko in ƙyale shi? Mai gyaran ya ce ba komai, wai haka suke yi."

Na ce, "Kawu, kuɗin masarar mutum nawa ke bi ta wayar nan?"

Ya yi shiru, can ya ce, "To ai shi ya sa na kira ka."

Abin da wayar ke gaya wa Kawu shi ne, an buɗe makullin da ke hana ta tashi da kowace irin manhaja, don haka ba za ta iya rantsuwa cewa abin da ke cikinta na kamfani ne ba. Yau za mu duba wannan makullin: yadda yake aiki, ɓarakar da aka daɗe ana bari a jikinsa, da dabarar dunƙule kayan tashi cikin fayil guda a buga masa hatimi ɗaya, wadda injiniyoyin Linux suka fi karkata gare ta a 'yan shekarun nan.

Daga danna maɓalli zuwa fitowar allo

Lokacin da ka danna maɓallin kunna kwamfuta, babbar manhaja irin su Windows ko Linux tana kwance ne a rumbun ajiya, ba ta san ma an kunna ba. Dole wani ya tashe ta. Aikin na tafiya ne hannu zuwa hannu.

Na farko wata ƙaramar manhaja ce da kamfani ya dasa a cikin wani guntu a jikin allon kwamfutar. Tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981 ana ce mata BIOS, kuma har yau masu gyara haka suke kiranta, ko da yake a kwamfutocin yanzu wadda ake kira UEFI ce ta maye gurbinta. Ita ke duba ƙwaƙwalwa da sauran sassa, sannan ta leƙa wani ɗan yanki na musamman a rumbun ajiya, wanda ake kira ESP, ta nemo na biyu.

Na biyun shi ne butloda, wato mai tayarwa. A yawancin Linux sunansa GRUB. Aikinsa ya ɗauko abubuwa uku ya miƙa wa kwamfuta.

Abu na farko kanel, zuciyar babbar manhaja, mai iko da ƙwaƙwalwa da rumbu da kibod da komai. Na biyu wani ƙunshi da ake kira initrd. Ni guzuri nake ce masa, domin kanel kan tashi ne hannu rabbana, bai ma san yadda zai buɗe rumbun da sauran manhajar take ba, sai an haɗa shi da 'yan kayan aikin da zai fara da su. Idan rumbunka a kulle yake da kalmar sirri, wannan guzurin ne ke fito maka da akwatin da za ka rubuta ta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Na uku layin umarni, ɗan gajeren saƙo da ake ba kanel: ga rumbun da za ka buɗe, ga shirin da za ka fara da shi.

Kowane mataki na miƙa wa na gaba cikakken iko. Wanda ya riga tashi shi ke tsara abin da na bayansa zai gani.

Abin da ya sa ɓarawo ke son ƙofar farko

Manhajar kariya daga bairos tana zaune ne a kan babbar manhaja, kuma da idon kanel take gani. Idan mugun shiri ya riga kanel tashi, zai iya ce masa, duk wanda ya tambaye ka ko ina nan, ka ce ba ka gan ni ba. Daga nan duk binciken da za ka yi, amsar da ɓarawo ya rubuta za ka karanta.

Dabarar ta tsufa. Bairos ɗin Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a sashen tashi na faifan fulofi yake ɓuya. A 2009 masaniyar tsaron kwamfuta Joanna Rutkowska ta nuna yadda wanda ya samu 'yan mintoci da kwamfutarka, misali a ɗakin otal, zai iya sauya shirin tashi da na bogi, ya jira ka rubuta kalmar sirri ya adana ta. A 2018 kamfanin ESET ya bayyana LoJax, mugun shirin da aka kama yana zaune a cikin UEFI kanta, inda ko an goge rumbu an sake loda Windows, yana nan daram.

A wajenmu ba sai an je otal ba. Waya kan kwana a shagon caji, laftof ɗin ƙungiyar manoma kan yi kwana uku a wajen gyara, kwamfutar shagon buga takardu kuwa filas ɗin kowa na shiga cikinta. Na'urarmu na yawan barin hannunmu.

Hatimin da lissafi ke bugawa

Manomi a Kafur ko Bakori ya san matsalar nan ta wata fuskar. Ka sayi buhun taki, tambarin kamfani a jiki, ka buɗe ka tarar an gauraya da yashi an sake ɗinkewa. Shi ya sa mai saye ke duba ɗinki. Shi ya sa kuma hukumar NAFDAC ta kawo tsarin nan a 2010 na kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta tes don a tabbatar na gaske ne. Kwamfuta na buƙatar irin wannan, amma wanda za ta duba da kanta cikin ƙiftawar ido, ba tare da intanet ba.

Ana yin sa da matakai biyu. Na farko, a ɗauki dangwalen fayil. Akwai wani lissafi mai suna SHA-256 da ke karɓar fayil komai girmansa ya fitar da lamba mai tsawon bit 256, wadda akan rubuta da haruffa da lambobi 64. Fayil iri ɗaya kullum dangwale iri ɗaya yake bayarwa. Amma ka sauya harafi guda a ciki, kusan rabin lambar zai canza. Yawan dangwalen da ka iya fitowa ya kai ɗaya da sifili 77 a bayansa, don haka ba a san hanyar da mutum zai ƙirƙiro wani fayil daban mai dangwale irin na asali ba.

Na biyu, a sa hannu a kan dangwalen. A nan ake amfani da mabuɗai biyu 'yan tagwaye, bisa irin lissafin RSA da Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977. Ɗaya na sirri ne, yana wajen mai shi kaɗai, da shi ake buga hatimi. Ɗayan na fili ne, ana iya raba wa duniya, kuma aikinsa kawai ya tantance hatimi, ba ya iya bugawa. Kamfani zai ɗauki dangwalen fayil, ya buga masa hatimi da mabuɗin sirri, ya liƙa a jikin fayil ɗin. Kwamfutarka kuma ta sake lissafa dangwalen da kanta, ta gwada shi da hatimin ta amfani da mabuɗin fili. In sun dace, abu biyu sun tabbata: daga mai mabuɗin sirrin fayil ɗin ya fito, kuma ba a taɓa ko ɗigo ba tun da ya sa hannu.

Secure Boot da ɓarakar da aka bari

A 2011 aka shigar da wannan dabara cikin ƙa'idojin UEFI da sunan Secure Boot, kuma daga fitowar Windows 8 a 2012 Microsoft ya wajabta ta a kan sababbin kwamfutocin da ke ɗauke da tambarinsa. UEFI na riƙe da jerin sunaye guda huɗu. PK shi ne mabuɗin mai gida, yawanci na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. KEK su ne waɗanda aka yarda su gyara jerin. Sai db, jerin waɗanda aka amince da hatiminsu, da dbx, jerin waɗanda aka soke. Duk fayil ɗin da UEFI za ta tayar, sai ta ga hatiminsa ya koma ga wani na cikin db kuma ba ya cikin dbx.

Kusan duk kwamfutar da za ka saya a kasuwa, mabuɗan Microsoft ne a cikin db. To yaya Linux zai tashi? Aka samar da wani ɗan shiri mai suna shim, wanda Matthew Garrett ya fara rubutawa a 2012. Microsoft ya sa wa shim hannu, shim na ɗauke da mabuɗin kamfanin Linux ɗin, misali Ubuntu ko Fedora, da shi yake tantance GRUB, shi kuma GRUB ya tabbatar an tantance kanel.

A ido, sarƙar ta cika. Amma koma kan abubuwa ukun nan. Kanel na da hatimi. Guzuri fa? A tsarin da aka saba, a kan kwamfutarka ake haɗa shi duk lokacin da aka sabunta kanel, daidai da sassan da take da su, don haka kamfani ba shi da halin sa masa hannu. Layin umarni kuwa yana cikin wani fayil na rubutu zalla mai suna grub.cfg, shi ma babu hatimi. Kuma dole su zauna a inda ba a kulle ba, tunda ana buƙatarsu kafin a buɗe rumbu.

Kwatanta da wanda ya aiko maka da buhun iri ɗinkakke da hatimi, amma maganin feshin yana cikin leda a buɗe, takardar yadda za a haɗa kuma an rubuta ta da fensir. Ɗan aike mai mugun nufi ba ya buƙatar taɓa buhun.

Haka abin yake. Wanda ya samu kwamfutarka zai iya sauya guzurin da nasa, wanda zai fito da akwatin kalmar sirri sak irin wanda ka saba gani, ya kwafe abin da ka rubuta, ya buɗe maka rumbun kamar kullum, kai ba ka ga alamar komai ba. Idan kuma rumbun ba a kulle yake ba, ƙara init=/bin/bash a layin umarni ya isa ya ba mutum cikakken iko ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Ɗalibai da yawa da wannan suke ceto kwamfutarsu idan sun manta fasuwod, ɓarawo ma da shi zai shiga. A watan Yulin 2020 kamfanin Eclypsium ya bayyana wani rauni da aka laƙaba wa BootHole, inda gurɓataccen grub.cfg ke iya rikita GRUB har ya gudanar da umarnin maharin, alhali Secure Boot na kunne.

A zuba komai a buhu ɗaya

Maganin da aka fito da shi mai sauƙin faɗa ne: a daina aika kayan daban-daban. A zuba kanel da guzuri da layin umarni cikin fayil guda, a ɗinke, a buga hatimi ɗaya a kan duka. Wannan dunƙulallen fayil shi ake kira UKI a duniyar Linux. Lennart Poettering, jagoran aikin systemd, ya yi dogon bayani a kan tsarin a watan Oktoban 2022, kuma a farkon 2023 systemd ta 253 ta zo da wani kayan aiki mai suna ukify don haɗa shi.

UEFI na gane fayil ne mai siffar da ake kira PE, irin siffar shirye-shiryen Windows, wadda ke da ɗakuna a ciki, kowane da sunansa. Sai a ɗauki wani ɗan ƙaramin shiri mai suna systemd-stub a matsayin buhun, a cika ɗakunan: kanel a ɗakin .linux, guzuri a .initrd, layin umarni a .cmdline, sunan babbar manhajar da lambar fitowarta a .osrel. Ana iya ƙara hoton da ke fitowa lokacin tashi. Ga yadda umarnin haɗawa da sa hannu yake a taƙaice:

ukify build --linux=vmlinuz --initrd=initrd.img --cmdline="root=/dev/mapper/root quiet" --secureboot-private-key=db.key --secureboot-certificate=db.crt --output=linux.efi

Abin da ya fito, linux.efi, sai a ajiye shi a jakar EFI/Linux da ke cikin ESP. Kayan haɗa guzuri irin su dracut da mkinitcpio su ma suna iya fitar da UKI, sannan a sa hannu da sbsign ko sbctl.

Idan aka kunna kwamfuta, UEFI za ta lissafa dangwalen fayil ɗin da ɗakunansa duka, ta gwada da hatimi. Harafi ɗaya aka canza a layin umarni, ko fayil ɗaya aka cusa a guzuri, lissafin ya rushe, kwamfuta ta ƙi tayar da shi. In komai daidai ne, ɗan shirin zai miƙa wa kanel guzurinsa da umarninsa daga cikin buhun. Kuma matuƙar Secure Boot na kunne kuma akwai umarni a ɗakin .cmdline, duk wani umarni da aka yi ƙoƙarin sako masa daga waje, watsi yake yi da shi.

To hatimin wa za a buga? Hanya biyu ce. Ko dai kamfanin Linux ya haɗa UKI mai guzurin da zai yi wa kowace kwamfuta, ya sa hannu da mabuɗinsa. Ko kuma kai mai kwamfuta ka ƙirƙiri mabuɗanka: ka shiga saitin UEFI ka goge PK, abin da ke mayar da ita yanayin karɓar sababbin mabuɗai, ka shigar da naka, daga nan kai ke sa wa kanka hannu. Da sbctl umarni uku ne: create-keys, enroll-keys, sai sign. Gargaɗi a nan: wasu kwamfutocin na da sassa, kamar katin hoto, masu 'yar manhajarsu da Microsoft ya sa wa hannu. Ka cire mabuɗan Microsoft gaba ɗaya, allon na iya ƙin kawo haske har ka rasa hanyar komawa saiti. Shi ya sa ake shigar da mabuɗan mutum tare da na Microsoft.

Akwai ƙarin riba. Yawancin kwamfutocin yanzu na da wani guntu mai suna TPM, wanda Windows 11 ta wajabta tun 2021. Yana da rajistoci da ake rubuta dangwalen duk abin da ya tashi a cikinsu, kuma ba a iya mayar da su baya sai an sake kunnawa. systemd-stub na rubuta dangwalen ɗakunan UKI a rajista ta 11. Don haka ana iya damƙa wa TPM mabuɗin rumbu da sharaɗin kada ya saki sai rajistar ta nuna buhun da aka sani ne ya tashi. Ɓarawo ya sauya buhu, mabuɗi ya ƙi fitowa.

Ga mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, akwai wata fa'idar. Idan kayan tashi uku ne a warwatse, wuta na iya ɗaukewa an sabunta kanel ba a gama guzuri ba, kwamfuta ta tsaya tsakiyar hanya. Idan fayil ɗaya ne, ko ya kammala ko bai kammala ba. Wanda bai kammala ba hatiminsa ba zai dace ba, sai ka zaɓi tsohon da ka ajiye a gefe. Saboda haka a riƙa ajiye aƙalla biyu, a kuma lura da girman ESP, domin kowane UKI kan ci megabait gommai, kuma ESP ɗin da Windows ta saba yankawa a kwamfutoci da yawa megabait 100 ne kacal.

Wayar Kawu

Abin mamaki, wayar da ke aljihunka ta daɗe da bin wannan hanya. A Android, an saba haɗa kanel da guzurinsa cikin fayil guda mai suna boot.img. Tun Android 7.0 a 2016 aka tsananta cewa dole waya ta tantance abin da za ta tashi da shi, sannan Android 8.0 a 2017 ta zo da tsarin AVB, inda wani sashe mai suna vbmeta ke riƙe da dangwalen sauran sassan, shi kuma yana ɗauke da hatimin kamfani. Tushen amanar yana cikin masarrafar wayar tun daga masana'anta. Ƙananan na'urori masu amfani da butlodan U-Boot su ma suna da nasu dunƙulallen fayil mai hatimi da ake kira FIT.

Android ta raba yanayin tashi zuwa launi huɗu. Kore: a kulle take, hatimin kamfani ne. Rawaya: a kulle take, amma da mabuɗin da mai waya ya saka da kansa. Ruwan lemo: an buɗe makulli, ba a tilasta duba hatimi. Ja: an duba, abin bai dace ba. Rubutun da Kawu ke gani na ruwan lemo ne. Mai gyaran ya buɗe butloda ne don ya loda manhajar da ya samo, ya bar ta a buɗe. Manhajar bankin kuma ta tambayi wayar halin da take ciki, ta ji amsar, ta ƙi yarda a yi harkar kuɗi a kanta.

Ba ina cewa mai gyaran ɓarawo ba ne. Wataƙila manhajar da ya loda lafiyarta lau. Matsalar ita ce shi kansa bai san wanda ya haɗa fayil ɗin da ya sauko da shi daga intanet ba, kuma an kashe abu ɗaya da zai iya tantancewa.

Inda hatimi ba ya kaiwa

Hatimi na shaida wanda ya ɗinke buhu ne da cewa ba a farke shi a hanya ba. Abin da aka zuba a ciki kafin ɗinki, wannan ba huruminsa ba ne. A 2019 Google ya bayyana cewa an dasa mugun shirin Triada a manhajar wasu wayoyin Android tun kafin su bar masana'anta, ta hannun wani ɗan kwangila. Irin wannan yana zuwa ne da hatimin gaske.

Sannan tsohon fayil mai rauni hatiminsa ba ya gogewa da kansa. Da haka BlackLotus, wanda ESET ya yi bayaninsa a watan Maris na 2023, ya ratsa Windows 11 mai cikakken sabuntawa: yakan zo da tsohon butlodan Microsoft mai rauni wanda ba a riga an saka a dbx ba. Soke tsofaffin fayiloli kuma na da nasa ciwon kai. A watan Agustan 2024 wani sabuntawar Windows da aka yi don toshe tsofaffin butlodan Linux ya hana wasu masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya tayar da Linux ɗinsu.

Sai batun ajiyar mabuɗi. A watan Yulin 2024 kamfanin Binarly ya gano ɗaruruwan samfuran kwamfuta da aka sayar da PK na gwaji, wanda an ma rubuta a jikinsa cewa kada a amince da shi, kuma ɓangaren sirri na ɗaya daga cikin mabuɗan ya riga ya fita intanet. Kai ma mai sa wa kanka hannu, idan ka bar db.key a rumbun da ba a kulle ba, ka rataye hatimin ne a jikin buhun. Haka nan takardun shaidar da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na ƙarewa ne a cikin 2026, ana maye gurbinsu da na 2023. Kwamfutar da ba ta karɓi sababbin ba za ta ci gaba da tashi, amma za ta rasa sababbin gyare-gyaren tsaro na matakin tashi. Wannan ya shafi tsofaffin laftof 'yan tokumbo da suka cika hannunmu, musamman da yake Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Abin da za ka iya yi yau

Idan Windows kake amfani da ita, buɗe msinfo32 ka duba layin Secure Boot State. A Linux, umarnin mokutil --sb-state zai gaya maka. Na sha ganin laftof ɗin hannu da aka kashe wa Secure Boot lokacin loda Windows, aka miƙa wa mai saye a haka. Idan naka a kashe yake, nemi wanda ya san aiki ya duba kafin a kunna, domin Windows ɗin da aka loda a tsohon yanayin BIOS ba za ta tashi ba sai an sauya tsarin rumbun. Sa wa saitin UEFI kalmar sirri, in ba haka ba duk wanda ya ɗauki kwamfutar zai shiga ya kashe kariyar cikin minti ɗaya. Ka kuma kulle rumbunka, don hatimi ba ya hana a zare rumbu a karanta shi a wata kwamfutar.

Idan wayar hannu za ka saya, a Funtua ne ko Malumfashi ko Farm Centre ta Kano, kashe ta ka kunna a gaban mai sayarwa, ka zuba ido a daƙiƙoƙin farko. Ka ga gargaɗin cewa a buɗe take, kada ka sa mata manhajar banki. Idan za a yi wa taka filashin, tambayi mai gyara daga ina manhajar ta fito, kuma ko zai mayar da makulli. Kada kuma ka sa a kulle butloda a kan manhajar da ba ta kamfani ba, wayar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke son koyo da hannu, ku fara a kwamfutar gwaji ta QEMU da manhajar OVMF, wadda ke kwaikwayon UEFI. Ku haɗa UKI, ku sa hannu, ku tayar, sannan ku canza bait ɗaya a cikin fayil ɗin ku ga yadda za a ƙi shi. In kun ɓata, fayil kawai za ku goge.

Shi kuwa Kawu, mun kwashe lambobinsa da hotunan rasit, aka kai wayar cibiyar gyara ta kamfanin, aka loda mata manhajar asali aka mayar da makulli, abin da ya goge komai na ciki. Ya canza lambobin sirrinsa na banki duka. Kwana biyu ya yi yana karɓar kuɗi ta asusun ɗansa, yana mita. Da wayar ta dawo ya kira ni ya ce rubutun ya daina fitowa, bankin ma ya buɗe, sai ya tambaye ni ko zan duba masa na'urar POS ɗin yaron shagonsa idan na zo gida.